Yadda ake cin kasuwar raƙuma ta Pushkar, daga asuba zuwa dare

Mutane da yawa sukan kashe kuɗin jirgi su tafi Pushkar don ganin kasuwar raƙuma, su sauka ranar da wata ya cika, su tarar da lilo da makaɗa da cunkoson masu ziyarar ibada, alhali raƙuman da suka zo gani tuni sun kama hanyar gida. Kasuwar gaske tana ci ne a kwanakin farko, a kan tudun yashi da ke bayan gari, tsakanin makiyaya da dillalai da dabbobinsu. Wanda yake son ya ganta sai ya zo da wuri, ya yi sammako, ya kuma yarda ya zauna a ƙasa tare da masu ita. Ga yadda ake yi.

Da farko, ka tsayar da ranar tafiya

Pushkar ƙaramin gari ne a jihar Rajastan da ke arewa maso yammacin Indiya, a bakin hamadar Tar, kimanin kilomita 15 daga birnin Ajmer. Bikin da kasuwar take ci a cikinsa ba ya bin kalandar Bature. Yana bin watan Kartik na kalandar Hindu, ya ƙare daren da wata ya cika, wanda suke kira Kartik Purnima. A 2024 ranar ta faɗo 15 ga Nuwamba, a 2025 kuma 5 ga Nuwamba. Saboda haka ka fara neman ranar cikar watan ta shekarar da za ka je, sannan ka ƙirgo baya kwana goma zuwa goma sha biyu. Ranar isowarka ke nan. Kwanaki biyar na ƙarshe na ibada ne da wasanni: mabiya addinin Hindu suna wanka a tafkin garin, suna ziyartar ɗakin bautar Brahma, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Kafin lokacin yawancin cinikin raƙuma ya riga ya ƙare.

Kada ka sayi tikiti sai ka tabbatar kasuwar dabbobin za ta ci a wannan shekarar. A 2020 annobar korona ta hana bikin, a 2022 kuma cutar ƙurajen fata ta shanu ta sa hukuma ta hana kawo dabbobi.

Hanya ba wuya. Daga Delhi jirgin ƙasa yana kai mutum Ajmer cikin kimanin awa bakwai, daga Jaipur kuma tafiyar kilomita 130 da 'yan kai ce. Daga Ajmer ka hau bas ko tasi, ku haura dutse ku gangara, kun iso. Masauki kam ka kama tun da sauran watanni, domin kuɗin ɗaki yana ninkawa a lokacin bikin.

Abin da za ka ɗauka

Da rana akwai zafi, da dare kuwa sanyin hamada yana shiga ƙashi, don haka rigar sanyi mai kauri dole ce. Ka ɗauki rufaffen takalmi, saboda ƙaya da kashin dabbobi da kuma tafin raƙumin da zai iya sauka a kan ƙafarka. Ka ɗauki rawani ko mayafin rufe hanci, domin da hantsi ya yi ƙura take tashi ba ta sauka sai dare. Tocila, gorar ruwa, sabulu, da kuɗin rupi ƙanana a hannu. Mai shayi a kan yashi ba shi da canjin takarda 500.

Ka sani tun daga gida cewa Pushkar gari ne mai tsarki a wurin masu shi. Ba a sayar da nama a cikinsa, ba ƙwai, ba giya. Wake da gurasa da madara da kayan lambu za ka ci har ka bar garin. Musulmi ya riƙe dardumarsa, yashi kuwa ga shi nan ko'ina. Idan Juma'a ta riske ka, Ajmer cike take da masallatai, a can ne ma hubbaren Shehu Mu'inuddin Chishti yake.

Ka fita kafin gari ya waye

Wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa. Ka baro masauki da duhu-duhu ka nufi tudun yashi. Abin da za ka fara gani ƙananan wutace ne birjik, kowace da mutum uku ko huɗu a kewaye, lulluɓe da bargo. Hayaƙi yana kwanciya ƙasa-ƙasa. Raƙuma suna durƙushe a bayansu suna tuƙa, wasu an ɗaure musu ƙafar gaba ɗaya a lanƙwashe don kada su miƙe su yi nisa cikin dare. Mata da yara suna bi da kwando suna tsintar kashin raƙumi, wanda idan ya bushe shi ne makamashin girki. Ba abin da ake zubarwa a wurin nan.

Yawancin masu jan rawani da fararen tufafi da za ka gani Raika ne, wasu suna ce musu Rabari, kabilar da kiwon raƙumi ya zama gadonta. A labarinsu na kaka da kakanni, abin bautarsu Shiva ne ya halicce su don su kula da raƙumi. Shi ya sa a al'adarsu ta asali ba sa cin namansa, ba sa sayar da taguwa, ko nononta ma da can ba a kai shi kasuwa. Abin sayarwa shi ne 'yan maza, sau ɗaya a shekara, a irin wannan kasuwa. Wasu sun yi kwana da kwanaki suna tafe a ƙasa kafin su iso, kuma abin da suka samu a nan shi ne babban kuɗin da zai shigo gidansu a shekarar. Ka riƙe wannan a ranka, zai gyara maka yadda kake kallonsu.

Yadda ake shiga zangon mutane

Da ɗan gari akan ci gari. Ka nemi mai yi maka tafinta wanda yake jin Hindi da Marwari, kuma zai fi kyau ya zama ya san dabba, ba wanda ya haddace tarihin ɗakunan bauta kawai ba. Ku yi ciniki da shi a kan kuɗin yini tun kafin ku fita.

Idan kun tunkari zango, kada ka ratsa ta tsakiyar raƙuma, ka zagayo ta inda mutane suke fuskanta. Ka tsaya ɗan nesa ka yi gaisuwa. Za ka ji suna cewa "Ram Ram sa". Ram sunan abin bautarsu ne, wanda bai so ya faɗa ba sai ya ce "Khamma ghani", gaisuwar girmamawa ce ta Rajastan kuma ana karɓarta da fara'a. Dattijon zango za ka fara gaisarwa. In ya nuna maka wuri, ka tsuguna ko ka zauna yadda suka zauna, kada ka tsaya musu a ka. Kada ka miƙe ƙafa tana kallon murhu ko tana kallon mutum, kuma da hannun dama ake karɓa ake bayarwa.

Za a miƙo maka shayi, wataƙila da nonon taguwa aka haɗa shi. Ka karɓa, tunda tafasasshe ne. Ɗanyen nonon da aka tatso yanzu kuwa ka ba da haƙuri, domin akwai cututtukan da ake ɗauka ta ɗanyen nonon raƙumi, kuma cikinka bai saba ba. In ka dace da lokacin karin kumallo za ka ga ana murza ƙullun gero a tafin hannu, a gasa gurasar a kan garwashi, a ci da albasa da barkono. Na zauna da wani dattijo da ya karya tasa biyu ya miƙo mini rabi ba tare da ya dube ni ba, idonsa na kan wani ɗan raƙumi da ke ta jan igiya. Da na ce a tambaye shi ko na sayarwa ne, sai ya ɗaga yatsu uku, wato shekararsa uku, sannan ya kai hannu ya shafa wuyan dabbar ya yi shiru. Tafintan ya ce mini a hannun dattijon aka haife shi.

Hoto sai da izini. Wasu za su yarda, wasu za su nemi kuɗi, wasu za su kau da kai. Mata musamman, kada ka ɗaga musu kyamara sai sun amince. Idan kana son yin alheri, ganyen shayi da sukari ko ɗaurin ciyawa sun fi a cusa wa dattijo takardar kuɗi a gaban 'ya'yansa.

Yadda ake tsayawa kusa da raƙumi

Babban raƙumi yana kai kilo 400 zuwa 600, kuma ba kamar doki ba, yana harbi gaba da baya da gefe. Wuyansa yana juyowa ya kai inda ba ka zata ba. Don haka kada ka taɓa raƙumin da mai shi ba ya wurin. Ka tunkare shi ta gefen kafaɗa, a hankali, yana ganinka, mai shi na riƙe da akala. Kada ka bi ta bayansa, kada ka shiga tsakanin taguwa da ɗanta.

Lokacin kasuwar ya zo daidai da shigowar sanyi, lokacin da amale yake fara neman barbara. Alamarsa ba ta ɓuya: kumfa a baki, cizon haƙora, gurnani kamar ana zuba ruwa daga tulu, wani jan nama kamar balan-balan yana fitowa ta gefen bakinsa, baƙin maiƙo mai wari yana tsattsafowa a ƙeyarsa, yana kaɗa wutsiya yana fesa fitsari a bayansa. Wanda ka gani a haka, ka ba shi fili sosai. Cizon amale yana karya ƙashi.

Idan za ka hau, ka hau yana durƙushe, ka riƙe gaban sirdi da kyau. Bayansa ne yake ɗagawa sama da ƙarfi kafin ƙafafun gaba su miƙe, don haka ka jingina baya, in ba haka ba sai ka zubo ta wuyansa. Wajen sauka ma haka, gaba yake fara durƙusawa. Masu ɗaukar baƙi a raƙumi ko a amalanke, ku yanke kuɗi da tsawon tafiya kafin ka hau. Kuma ka dubi dabbar: in ka ga jini a inda aka huda hancinta aka sa karan akala, ko miki a ƙarƙashin sirdi, ka wuce ka nemi wani. Bayan kowace mu'amala da raƙumi ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai shi baki ko ido.

Ka koyi duba raƙumi yadda mai saye yake dubawa

A nan daɗin kasuwar yake. Da ka san abin da idon mai saye yake nema, duk abin da ke faruwa a gabanka sai ya zama magana da kake ji.

Baki ake fara buɗewa. Raƙumi yana da haƙoran gaba shida a muƙamuƙin ƙasa, kuma famfararsu ce take faɗin shekaru. Biyun tsakiya suna sauyawa wajen shekara biyar, na kusa da su wajen shida, na gefe wajen bakwai, lokacin da fiƙoƙi ma suke fitowa sosai. Mai shekara bakwai bakinsa ya cika, ƙarfinsa ya kawo. Daga nan sai a duba yadda haƙoran suka cinye. Mai dabba yana iya rage shekaru da bakinsa, amma bakin raƙumin ba ya ƙarya.

Sai tozo. Kitse ne a ciki, ba ruwa ba kamar yadda ake faɗa. Tozo tsayayye mai tauri alamar ƙoshi ce, wanda ya kwanta gefe kuwa yana nuna yunwa ko doguwar jinya. Mai saye zai danna shi da hannu, domin gashi yana ɓoye rama. Zai duƙa ya dubi kantar ƙirji, wadda raƙumi yake kwantawa a kanta; in ta tsage ko tana ruwa, wahala ce mai daɗewa. Zai dubi ko gwiwar hannu tana gogar ƙirjin in ana tafiya. Zai ɗaga ƙafa ya ga tafin, ko akwai tsaga ko ƙaya. Zai bi fata da yatsu, musamman wuya da hammata da cinyoyi, yana neman ƙazuwa, wadda take zubar da gashi ta bar fata ta yi kauri, kuma tana yaɗuwa cikin garke da sauri. Zai ja fatar ido ƙasa: in ta yi fari fat, ga rama ga kasala, sai a yi zargin sammoren raƙuma da suke kira surra, wanda manyan ƙudaje masu cizo suke yaɗawa.

Bayan haka a sa shi ya durƙusa ya tashi, sau biyu ko uku. A ja shi ya tafi, a dawo da shi, a sa shi sassarfa. In na amalanke ne, a ɗaura masa ita a gani. Wanda ya yi gardamar durƙusawa, ko ya tashi yana rawar ƙafa, farashinsa ya faɗi nan take.

Za ka kuma fara rarrabe iri. Bikaneri ƙaƙƙarfa ne mai jiki, shi ake so wajen jan kaya, sau da yawa da gashi a kunne da gira. Jaisalmeri siriri ne mai dogayen ƙafafu, na hawa da gudu. Akwai Mewari daga yankin duwatsu, da Kachchhi daga wajen Gujarat. A birnin Bikaner akwai cibiyar binciken raƙumi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1984, ga wanda ya so ya ƙara ilmi bayan kasuwa.

Kada kwalliya ta ruɗe ka. Ana yi wa raƙuma aski mai zane a jiki da almakashi, a rataya musu tsakiya da ƙararrawa da tuntaye masu launi, a sa musu abin wuya da ake kira gorband. Abin sha'awa ne ƙwarai, kuma masu askin gwanaye ne, amma mai saye na gaske ɗage adon yake yi ya dubi abin da ke ƙasa.

Yadda ciniki yake tafiya

Ba a gaggawa. Mai saye zai zo ya duba, ya kushe, ya tafi, ya dawo da yamma da ɗan'uwansa. Dillali yana tsakani, yana jan wannan gefe yana raɗa, ya koma ya ja wancan. Wani lokaci za ka ga mutum biyu sun haɗa hannu a ƙarƙashin mayafi suna matsa yatsun juna, fuska ba ta nuna komai. Tayi ake yi a ɓoye don kada 'yan kallo su san farashin. Kada ka matsa kana leƙe, kada kuma ka tambayi nawa aka sayar a gaban jama'a. Ka bari tafintanka ya tambaya daga baya. In an daidaita, sai a ba da kafin alƙalami, a miƙa akala, a je wurin jami'an hukumar kula da dabbobi a karɓi takardar shaidar ciniki.

Ka san ƙirgensu: lakh ɗaya rupi 100,000 ne, crore ɗaya miliyan 10. A ɓangaren dawaki za ka ji ana kiran irin waɗannan kuɗi a kan dawakin Marwari, masu kunnuwan da suke lanƙwasowa ciki har bakinsu ya kusa haɗuwa. Kuɗin da mai doki ya ambata don a taru a kalla daban, wanda aka biya daban. Yanzu ma a ɓangaren dawakin manyan kuɗi suke yawo, ba a na raƙuma ba.

Kai kuwa baƙo, kada ka taya abin da ba za ka saya ba. Wasa ne a wurinka, shi kuwa mai dabbar yana iya korar mai saye na gaske saboda kai. Ko ka so saye ma ba za ka fita da shi cikin sauƙi ba. A 2014 Rajastan ta ayyana raƙumi a matsayin dabbar jiha, a 2015 kuma ta yi dokar da ta haramta yanka shi, ta kuma hana fitar da shi daga jihar sai da izinin hukuma. An yi dokar don a kare raƙumi, amma makiyaya suna kuka da ita, domin ta kori masu saye daga wasu jihohi, farashi ya karye. Ga tarakta da ƙananan motocin kaya sun ƙwace aikin amalanke, ga wuraren kiwo sun zama gonaki ko gandun daji da aka hana shiga. Ƙidayar dabbobi ta Indiya ta nuna raƙuma kimanin 400,000 a 2012, zuwa 2019 sun koma kimanin 250,000. Ni a ganina makiyayan suna da gaskiya: dabbar da mai ita ba zai iya ciyar da iyalinsa da ita ba, ba dokar da za ta hana ta ƙarewa. Abin da wasu suka sa rai a kai yanzu shi ne nono, wanda aka fara tarawa ana sarrafawa ana sayarwa a birane.

Tsakar rana da yamma

Da rana ta take, kasuwa takan lafa. Ka bi garke zuwa kwamin ruwa ka ga shayarwa. Raƙumin da ya sha ƙishi yana iya shanye lita 100 cikin 'yan mintoci. Ka leƙa wurin masu sayar da ciyawa da ƙaiƙayi, inda ake awo a kan sikeli ana jayayya, domin kowace rana da dabba ta ƙara a kasuwa ba a saye ta ba, cin ribar take yi. Sannan ka shiga layin masu sirdi da igiya da ƙararrawa, ka sayi tsaraba a wurinsu. Daga nan ka koma masauki ka huta.

Filin wasanni, inda ake rawar raƙuma da gasar tsawon gashin baki da ta naɗin rawani, yini ɗaya ya ishe shi.

La'asar sakaliya ka koma kan tudu. A lokacin garkunan da aka kai kiwo suke dawowa cikin ƙura, ana hura wuta, masu sayen da suka tafi da safe suna dawowa da tayinsu na ƙarshe. Ka koma zangon da ka sha shayi da asuba, kada ka nemi sabo. Zuwa na biyu da na uku ne ake sakin jiki da kai, har a gaya maka wace taguwa ce uwar wane, da yadda ake jiran wata goma sha uku kafin ta haihu. In duhu ya yi ka yi sallama ka kunna tocila, ka bi hanyar da mutane suke bi, domin igiyoyin ɗauri suna ko'ina a ƙasa.

Kafin ka bar garin, ka ware asuba ɗaya ta ganin tashi. Kwana biyu ko uku kafin cikar wata za ka ga ana naɗe barguna, ana ɗora tukwane a amalanke, ana kwance ƙafafun raƙuma. Waɗanda aka saya suna bin sababbin iyayen gijinsu suna waiwaye suna kuka. Waɗanda ba su sami mai saye ba kuma ana jera su, akalar wannan a ɗaure da sirdin wancan, su kama hanyar da suka biyo. In dattijonka yana cikin masu tafiya, ka raka shi zuwa bakin titi, ka kai masa ganyen shayi da sukarin hanya.